Sanin Doka: Mota ta tsaya a bakin kasuwa, wa zai karɓi kuɗi, wa zai ci tara?

Idan kaka ta yi, kasuwannin Damargu sukan cika. Manoma su kawo hatsi da wake. Makiyayan Tenhiya da na Tarka su gangaro da raƙuma da shanu da ƙananan bisashe. Motoci su zo daga Damagaram, daga Agadas, har daga Najeriya. A Tanut, a Belbeji, a Bakin Birji, a Gangara, abin duk ɗaya ne. Tun hantsi wurin tsayawa ya ƙare. Kamiyo a nan, Hilux a can, moto kamar fara, ga amalanken jaki da na shanu a tsakani.

Inda abin hawa ya tsaya, nan ake miƙo hannu. Wani ya zo da tike. Wani ya zo da sanda kawai. Wani ya ce fili na ubansa ne. Wani ya ce shi ɗan tasha ne. Wani kuma ya ɗaura igiya a bakin gari, ya zauna a inuwa. Wanda ya ƙi biya, a sace masa iskar taya, ko a zare makullin motonsa, ko a kwance jakinsa a tafi da shi. Sa'an nan a ce masa: "Sai ka biya tara."

Filin Sanin Doka na wannan wata a kan wannan magana yake.

Wani manomi zai ce: "Ni ba ni da mota, ina ruwana?" To, ga lissafi. A ɗauka direba ya ɗauko mutum 20 daga daji zuwa kasuwar Tanut. A hanya da bakin kasuwa an karɓe masa jika 5 da ba ta cikin doka. Direba ba daga aljihunsa zai cire ba. Zai raba jika 5 a kan mutum 20. Kowane fasinja ya ƙara dala 50. In ba a kan mutum ba, a kan buhun hatsi ne, ko a kan ragon da aka ɗaure a bayan mota. Mai saye daga kudu shi ma ya san abin da za a karɓe masa, sai ya rage a kan farashin sa ko na raƙumi. Kuɗin ya fita daga hannun direba, amma na talaka ne.

Abin ba sabo ba ne a Damargu. Ƙasar nan hanyar ayari ce tun kakanni. Ayarin gishiri na Abzinawa yakan sauko nan ya sayi hatsi. Da irin wannan ayari ne Bature Barth ya shigo Damargu a watan Janairu 1851. Fataken da ke tsakanin Tarabulus da Kano su ma ta nan suke bi. Sukan biya masu ƙasa kuɗin wucewa da na kariya. Madugu ne ke shirya maganar. Ya san wa ake ba, ya san abin da ake bayarwa, kuma wanda ya karɓa ya ɗauki nauyin kare ayari. Ba a ce zamanin babu ƙwace ba. Akwai, har da kisa. Amma ko a lokacin mutane sun san bambancin wanda ya karɓa ya yi rakiya da wanda ya tare hanya. Yau raƙumin fatake ya zama kamiyo, hanyar ayari ta zama babbar hanya mai lamba 11 daga Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas. Bambancin nan kuwa yana nan.

Kuɗin kwamin

Kuɗi na farko da ake karɓa a bakin kasuwa, na kwamin ne, wato ƙaramar hukuma. Wannan halal ne, kuma dole ne a biya shi.

A shekarar 2002 aka yi dokar da ta raba ƙasar Nijar kwamin-kwamin. Tenhiya ta zama kwamin. An yi zaɓen kansiloli na farko ranar 24 ga Yuli 2004. A 2011 Belbeji ta zama gunduma mai kanta, tare da kwamin ta Tarka. Gundumar Tanut ta rage da kwamin 5: Tanut, Falanko, Gangara, Olelewa da Tenhiya. Babbar dokar da ta tsara aikin kwamin ita ce mai lamba 2010-54, ta ranar 17 ga Satumba 2010. Doka ta ba kwamin ikon karɓar kuɗin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin tsayawa a wuraren jama'a, da kuɗin shaidar dabbar da aka sayar. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun kwamin, ta naɗa masu riƙo. Shugabanni sun sauya, amma ƙa'idar karɓar kuɗi ba ta sauya ba: kuɗin kwamin da tike ake karɓarsa.

Kwamin irin Tenhiya tana buƙatar kowace dala. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, mafi yawanta ƙasar kiwo, mutane a warwatse. Ba masana'anta, ba manyan shaguna. In za a gyara rijiya, ko a yi rumfar kasuwa, ko a kafa shingen lamba na dabbobi, daga irin waɗannan ƙananan kuɗi ake tarawa. Direban da ya ƙi biyan tiken kwamin, ya ce shi ya san wane da wane, ba gwaninta ya yi ba. Rijiyar da zai sha ruwa gobe ya cuta.

To yaya tiken kirki yake? Ƙaramar takarda ce da ake yagowa daga littafi. Rabi a ba mai biya, rabi ya rage a jikin littafin. Da rabin da ya rage ake yi wa mai karɓa lissafi a meri, a ga tike nawa ya sayar, kuɗi nawa ya kawo. A jikin tike akwai sunan kwamin. Akwai lamba. Akwai hatimi. Akwai adadin kuɗi. Mai karɓa ba shi ke yanka farashi ba. Hukumar kwamin ce ke yankawa, kuma ita ma ba ta wuce iyakar da dokar haraji ta sa mata. Mai karɓa yana da kasonsa a cikin abin da ya tara, meri ke ba shi. Saboda haka babu wani "na goro" da za a ɗora a kan tike.

Ga wurin da ake cutar mutane da yawa, kuma a nan ne karatu ke da rana. Bakin mutane dala yake ƙidaya. Takarda kuwa tamma take ƙidaya, wato faran. Dala ɗaya tamma 5 ce. In an rubuta 50 a tike, dala 10 ke nan. In an rubuta 100, dala 20 ce. In an rubuta 250, dala 50. In an rubuta 500, dala 100. In an rubuta 1000, jika guda. Abin da aka gani a takarda, a raba shi gida 5, shi ne dala.

Yanzu a duba yadda abin ke faruwa. Dattijo ya kawo amalankensa. Yaro mai tike ya tare shi.

"Sannu da zuwa, Baba. Kawo dala ɗari."

"Yaro, ba ni takardar in gani."

Yaro ya nuna masa, ya sa yatsa a kan lambar. "Ga shi, Baba, ɗari ce a rubuce."

Gaskiya ɗari ce a rubuce. Dattijo ya koyi lambobi, ya gane 100. Amma tamma 100 ce, ba dala 100 ba. Abin da ya kamata ya biya dala 20 ne. In ya ba da dala 100, ya yi asarar dala 80. A ɗauka an yi wa mutum 50 haka a kasuwa ɗaya. Jika 20 ke nan. A kasuwa 4 na wata guda, jika 80. Ba ta shiga asusun kwamin ba, ba ta koma gidan mai ita ba. Wanda ya iya lamba rabi da rabi, wani lokaci ya fi wanda bai iya ba saurin faɗawa wannan rami, don yana ganin ya karanta da idonsa.

Akwai wata dabara kuma. Mai karɓa ya ce: "Bar tiken, ba ni rabi ka wuce." Mai mota ya ji daɗi, yana ganin ya ci riba. Kwamin ba ta sami ko tamma ba. Kuma in wani mai karɓa ya tare shi a gaba, ba shi da shaida, sai ya sake biya. Wata dabarar ita ce a karɓe tiken daga hannun mutum lokacin fita, a sake sayar wa wani da shi. Tike na wanda ya biya ne. Ya riƙe abinsa har ya isa gida. In ya ga dama ya ɗan yage gefensa, don kada ya sake shiga kasuwa.

Wani lokaci kwamin takan ba wata ƙungiya ko wani ɗan kasuwa riƙon tasha ko na kasuwa, su tara kuɗi su ba ta abin da aka shirya. Doka ta yarda da haka, in an yi yarjejeniya a rubuce. Amma wanda aka ba riƙo ba sarki ya zama ba. Farashin da ke cikin yarjejeniya shi zai bi. Kuɗin da ƴan ƙungiyar direbobi ke tarawa tsakaninsu, da la'adar ɗan kamasho mai neman fasinja, su kuma wani abu ne dabam. Na masu sana'ar ne. Ba su hau kan manomin da ya zo da motonsa sayen gishiri ba.

Mai fili da mai gadi

Kuɗi na biyu ba haraji ba ne, ciniki ne. Mutum yana da fili ko kango kusa da kasuwa. Ya kewaye shi da ƙaya ko da zana. Ya ce duk mai so ya ajiye moto ko jaki ko mota, ya biya kaza. Wannan sana'a ce mai kyau. Satar moto ta yi yawa, kuma mutum ba zai yi cinikin raƙumi ido ɗaya a kan raƙumi ido ɗaya a kan moto ba. Yaron da ya yini a rana yana gadi ya ci guminsa. Wanda ya ajiye abinsa tun safe har la'asar, ya zo ya hau ya tafi yana cewa ai fili na Allah ne, shi ne mai laifi.

Amma ciniki yana da sharaɗi. A faɗi kuɗi kafin a ajiye, ba bayan an ajiye ba. A faɗi ko na yini ne ko har da kwana. In mai moto ya tambaya da safe aka ce dala 20, da yamma dala 20 ce. Ba a cewa: "Ai ka daɗe, yanzu dala 200 ce." In akwai ƙarin kwana, tun farko za a faɗa. Abin da mutum bai ji ba, bai gani ba, bai yarda da shi ba, ba ciniki ba ne.

Sa'an nan a tambayi mai fili wannan tambaya: kuɗin nan na wuri ne, ko na gadi? Akwai bambanci babba. Wanda ya karɓi kuɗin gadi ya ɗauki amana. In ya tafi shan shayi aka sace moto, ko aka kwance batir, akwai magana a kansa. Masu fili da yawa suna son kuɗin gadi, ba sa son nauyin gadi. Ranar karɓa su ne masu gadi. Ranar ɓata su ce wuri kawai suka ba da. Shi ya sa mai gadin kirki yakan ba da ƴar alama: guntun kwali mai lamba, ɗaya a hannun mai moto, ɗaya a rataye a jikin moto. Ba ya sakin moto sai lamba ta yi daidai da lamba. Wannan ba ya cin kuɗi, kwalin shayi ma ya isa.

Kuma sai filin ya zama nasa ne da gaske. Gefen babbar hanya ba na mutum ba ne. Filin kasuwa ba na mutum ba ne. Burtali da bakin rijiyar jama'a da makiyaya ba na mutum ba ne, dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare su. Wanda gidansa ke kallon hanya, hanyar ba ta zama tsakar gidansa ba. In ya karɓi kuɗi a kan wurin jama'a ba da izinin kwamin ba, abin da ba nasa ba ya sayar.

Mai fili shi ma ana cutarsa, kada a manta. Kamiyo ya zo ya tsaya a ƙofar gidan mutum kwana 3, mata ba su da hanyar fita ɗibar ruwa. Wani ya taka gefen gona, ko ya ture danga, ko ya zubar da baƙin mai kusa da kwamin shan ruwan dabbobi. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Bakin Birji a watan Nuwamba 2011, manyan motocin tanki sun ƙaru a kan hanyar, kuma motar mai ba abin tsayarwa ba ce kusa da rumbu ko murhu. Wanda aka yi wa ɓarna yana da haƙƙi a biya shi. Sai dai biyan ɓarna dabam, tara dabam. Ɓarna ana zuwa a gani, a kimanta, gaban mai gari da shaidu. Danga ta faɗi, a biya kuɗin danga. Ba mai danga ne zai yanka jika 10 don ransa ya ɓaci ba.

Tara ta hukuma ce

Kuɗi na uku shi ne tara, wadda wasu ke kira amanda. Tara hukunci ne. Ba kowa ke yin hukunci ba. A kan laifin hanya, jandarma da ƴan sanda ne ke da wannan aiki, bisa dokar hanya ta shekarar 2014, ko kuma alƙali. Laifi a rubuce yake a doka, kuɗinsa ma a rubuce yake. Wanda ya biya tara, a ba shi resi daga littafi mai lamba, kuɗin ya tafi baitulmali. Tara ba ta da ciniki. Inda aka fara da jika 10 aka sauko jika 2 ba takarda, ba tara aka biya ba.

Mai fili ba ya cin tara. Mai gadi ba ya cin tara. Ɗan kamasho ba ya cin tara. Matasan da suka cike rami a hanya da ƙasa suka tsaya a gefe, in direba ya ba su wani abu don Allah, ya kyauta. In suka sa igiya suka ce dole, sun fita daga neman taimako. Sace iskar taya, zare makulli, cire batir, ɓoye jaki, don a tilasta wa mutum ya biya abin da ba a shirya da shi ba, duk ɗaukar doka a hannu ne. Mai yin haka yana iya samun kansa gaban alƙali, shi da ya ce shi aka cuta.

Makiyayi zai gane wannan da sauri, don ya san labarin garkar hukuma da ake tsare ɓatattun dabbobi, wadda a takarda ake kira furiyer. An yi dokar tsarinta a 2006. Dokar kiwo mai lamba 2010-029, ta ranar 20 ga Mayu 2010, ta sake bayani. Furiyer aikin hukuma ne. Ba kowane mai gona ke buɗe tasa a bayan gida ba. In dabba ta yi ɓarna, mai ita ya zo gaban hukuma ya amsa, ba a ci gaba da tsare ta, sai a shiga maganar biyan ɓarna. Kuma ba a sayar da dabbar da aka tsare da gaggawa. Babbar dabba sai ta yi wata 3, ƙaramar dabba kwana 15, kafin a yi gwanjonta. An yi haka ne don an ga yadda ake kama shanun mutum a mai da su jingina, a yanka masa abin da aka ga dama. Mota da moto su ma hukuma ce kaɗai ke da ikon ɗauke su ta tsare, kuma da takarda.

Yadda abin ya kasance a wasu ƙasashe

Kada a ce wannan rigima ta ƙauye ce. A Ingila ma ta yi shekaru tana ci. Can manyan kantuna da asibitoci suna da filayen ajiye mota, sukan ba kamfanoni riƙo. A da, in mutum ya wuce lokaci, sai kamfani ya sa wa motarsa wani ƙarfe mai makulli a ƙafa, kamar dabaibayin raƙumi. Ba a kwancewa sai ya biya abin da suka yanka. Wasu aka bar su cikin dare da yara a mota. A yankin Sikotilan kotu ta hana wannan tun 1992, ta ce ƙwace ne da sata. A Ingila sai ranar 1 ga Oktoba 2012 doka ta mai da shi laifi.

Da aka hana dabaibayi, kamfanoni suka koma wata hanya. Suka kafa na'urar hoto mai karanta lambar mota. Su sayi sunan mai motar daga ofishin gwamnati, su aika masa takardar neman kuɗi har gida. Daga Afrilu 2023 zuwa Maris 2024 sun nemi sunayen masu motoci fiye da sau miliyan 12. Wani mai gidan abinci, Barry Beavis, ya ajiye motarsa a filin da aka ba da awa 2 kyauta, ya ƙara minti 56. Aka nemi ya biya fam 85, sama da jika 60 ke nan. Ya ƙi, ya kai ƙara har babbar kotun ƙasar. A watan Nuwamba 2015 kotu ta ba kamfani gaskiya. Dalilinta shi ne, an kafa manyan alluna a filin, an rubuta lokaci, an rubuta kuɗi, kowa na gani kafin ya ajiye, kuma kuɗin bai wuce kima ba a ganinta. Wato ko a can, abin da ya ba mai fili ƙarfi shi ne ya faɗa tun farko, a rubuce, a fili. A 2019 majalisarsu ta yi doka a tsara wa kamfanonin ƙa'ida ɗaya. Gwamnati ta fito da ƙa'idar a Fabrairu 2022, kamfanoni suka kai ƙara, ta janye ta a Yuni na shekarar. Mai cin abu ba ya sakinsa da sauƙi, ko Bature ne.

A Najeriya kuwa, a 1998 aka yi doka mai lamba 21. Ta jera harajin da kowace hukuma za ta karɓa. Kuɗin tasha da tarar tsayawa ba daidai ba ta ba ƙananan hukumomi. Ta hana tare hanya don karɓar haraji, ta sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ga wanda ya karya. Direbobin da ke kai dabbobi kudu sun san igiyoyin ba su ɓace ba don an rubuta doka.

In an cuci mutum, ina zai je?

Da farko kada ya yi faɗa. Faɗa a bakin kasuwa yakan tashi daga dala 20 ya koma rigimar ƙabila, musamman in mai fili manomi ne, mai raƙumi baƙo daga arewa. Ya nemi tike ko resi. Ya tambayi mai karɓa wa ya sa shi. Ya kira mutum 2 su shaida. In dole ta sa ya biya don ya ceci abinsa kafin dare, ya biya gaban shaidun, ya rubuta rana da wuri da adadin kuɗi. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya wannan a layi 3.

In maganar tike ce, meri ake zuwa, don mai karɓa ma'aikacinta ne. In rigima ce da mai fili ko mai gadi, a fara da sarkin kasuwa da mai gari, ko ardo, ko shugaban ƙungiyar makiyaya. Dokar sarauta ta 2015 ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a irin waɗannan rigingimu. Sulhu suke yi, kuma yana da kyau a rubuta abin da aka shirya a takarda, kowa ya sa hannu ko yatsa. In sulhu ya ƙi, sai gidan shari'a a Tanut. In ƙwace ne da ƙarfi, ko tare hanya, maganar jandarma ce da perefe.

A nan ne mutumin Tenhiya ke da wahala ta musamman. Nisa. Makiyayin da aka ci wa dala 80 ba zai bar garkensa a rijiya ya yi tafiyar yini don dala 80 ba. Kuɗin mota ma ya fi abin da aka ci. Masu cutar sun san haka, shi ya sa suka fi tare baƙon daji da ɗan gari. Maganin da ke hannu shi ne a haɗa kuka. Mutum 10 ko 20 na zango ɗaya su tara tikensu wurin mai karatu ɗaya. Ya rubuta abin da ke jikin kowane tike da abin da aka karɓa a hannu. Ardo ko shugaban ƙungiya ya kai meri ranar da zai je gari don wata buƙata. Magana ɗaya ta baki ana iya musunta ta. Tike 20 masu lamba suna nuna littafin da aka yago su, littafin kuma yana nuna wanda aka ba shi.

Akwai kuma aikin da ke kan kwamin, ba mai tsada ba ne. A ware wuri sananne a kowace kasuwa: nan kamiyo, nan ƙananan motoci, nan moto, nan amalanke da jakuna, nesa da rijiya da burtali. A rubuta sunayen masu fili da ke sana'ar gadi, a san su. A ba kowane mai karɓa riga ko kati mai hoto. A bakin kasuwa a kafa allo babba. A rubuta kuɗin kowane abin hawa da Hausa da Tamajak da Fulatanci, ba da Faransanci kaɗai ba. A zana hoton kamiyo, da na moto, da na amalanke, don wanda bai kai ga karatu ba tukuna. Gaban kowane hoto a sa lamba 2, ɗaya ta tamma, ɗaya ta dala, a rubuta sunan kowace a samanta.